Makokin Ƙwallo a Gidan Mista Andaru

Shekarar da na je Amurka ita ce shekarar da aka yi yajin man fetur har kasuwanni suka yi kwanaki a rufe, shekara biyu bayan rasuwar Malam maigidana, damina guda kafin katangar su Hajiya Balaraba ta faɗo wa awakinmu. Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. A gidan suna, a gidan biki, har a layin asibiti, sai an matso kusa da ni an ce, "Hajiya Dije, wai da gaske ne kin yi wa ƙwallo zaman makoki?" Na gaji da maimaitawa, kuma na ji labarin yana girma a bakin mutane, har wata a Yakasai ta ce wai takaba na yi. To ga yadda abin ya faru. Na sa an rubuta ne don ni ban yi boko ba, kuma har yau ban ga abin da rashinsa ya rage mini ba.

'Yata Rabi ce ta aiko in je. Shekararta goma a New York tare da mijinta Sani, direban tasi. Aka kai ni Abuja neman biza. Wani ɗan Bature a bayan gilashi, wanda a haife na haifi uwarsa, ya tambaye ni ta bakin tafinta me zai sa in dawo gida in an bar ni na shiga ƙasarsu. Na ce, "Ɗan nan, ka taɓa zuwa Kano?" Ya ce a'a. Na ce, "Shi ya sa kake tambaya." Ban san me tafinta ya gaya masa ba, amma an ba ni.

Jirgi ba baƙona ba ne, na je Makka sau biyu. Sai dai na Makka cike yake da mutanen da ka sani, ana hira ana miƙa goro. Wannan kuwa kowa ya toshe kunnensa ya zuba wa bayan kujera ido. Matar da ke kusa da ni na gaishe ta sau uku, ta yi mini murmushi sau uku, iyakar zumuncinmu ke nan har muka sauka.

A filin jirginsu kare ne ya fara tarbata. Kare da rigar aiki, wallahi, wata mata tana riƙe da igiyarsa tana binsa kamar shi ne oga. Ya zo ya zauna a gaban jakata. A garinmu da tuni ya sha dutse. Aka buɗe jaka, aka kwashe mini kilishi ƙunshi uku da na yo wa Sani tsaraba, aka jefa a kwandon shara ina kallo. Da aka zo kan daddawa, ma'aikacin ya kwance leda ya sa hanci, ya ja da baya, ya kira ɗan uwansa. Shi ma ya sa hanci. Suka dubi juna, suka ɗaure mini abata da sauri suka ce in wuce. Jakar kuwa sai da na wanke ta sau bakwai.

Unguwar su Rabi ana ce mata Highbridge, kuma duk wanda ya ce muku Amurka shimfiɗe take bai je can ba. Tudu ne a kan tudu, titi ma da matakala. Gidansu yana hawa na biyar. Ɗaki biyu da falo, ba tsakar gida, ba inda mutum zai zauna ya tsinci shinkafa ya ga mai wucewa. Kwana biyu da zuwana na sa turaren wuta don in kori warin rufaffen ɗaki, sai wani abu a silin ya fasa ihu, maƙwabta suka fito da yara a kafaɗa. Ranar ce kaɗai na ga fuskokinsu, na kuwa gaishe da kowa tunda an taru. Jikokina in na yi musu Hausa suna ji sarai, su amsa mini da Turanci, kamar ina jefa guga a rijiya ana miƙo mini yashi. Abinci kuma, sun kawo mini wani abu wai shi fiza. Gurasa ce aka yi wa rashin mutunci da cuku.

Da zaman ɗaki ya ishe ni, Rabi ta nemi izini ta riƙa tafiya da ni wurin aikinta. Aikinta kula da tsofaffi ne a gidajensu. Shekara huɗu ke nan tana kula da wani tsoho, Mista Andaru, mutumin ƙasar Sikotlan, wanda ya zo Amurka tun yana saurayi ya yi aikin walda har bayansa ya lanƙwashe. Matarsa ta rasu, ɗansa guda yana wani gari mai nisa. Bas ɗaya ake hawa zuwa gidansa. Turancinsa ko Rabi sai ta karkata kai take kama shi, yana magana kamar mai tauna tsakuwa.

Ina shiga na ga bango ba wurin sa hannu. Na ɗauka hotunan dangi ne, na ce ma sha Allah, zuri'a ta yi albarka. Rabi ta ce, "Inna, 'yan ƙwallo ne." Ƙarti cikin gajeren wando, layi-layi, wasu hotunan sun tsufa har sun yi ja. Hoton matarsa guda ɗaya ne, ƙarami, a kan talabijin. Shi kuma yana kan kujera da wani dogon mayafin ulu a wuya, a tsakiyar zafin da ya fi na Kano nauyi, idonsa jawur. Ga kwanon kununsa a gefe ya sandare. Kunun ma abin tausayi ne, na wani hatsi, gishiri ake sa masa maimakon sukari.

A bas muna komawa Rabi ta gaya mini abin da ke faruwa. Kulob ɗin ƙwallon garinsu, wanda ya haura shekara ɗari, ya rushe. Tun da labarin ya iso tsohon ya daina ci. Mako na uku ke nan, shayi kawai. Nas ta zo ta auna shi ta kira ɗansa, ɗan ya ce ranar Asabar zai zo, in ya tarar da shi a haka zai kai shi gidan ajiye tsofaffi.

"Inna, in aka kai shi can ba zai yi wata biyu ba," in ji Rabi. "Na san shi. A ɗakin nan matarsa ta cika. Ya sa na yi masa alkawari ba za a fitar da shi ba sai a kwance."

Na ce, "Duk a kan ƙwallo? Abin da yara ke yi da tsumma a lungu?"

"A kan ƙwallo, Inna."

Na yi dariya har wata baƙar mata a gabanmu ta waiwayo. Sannan na tambaye ta, "Wa ya zo masa gaisuwa?"

"Gaisuwar me?"

"Na ce wa ya shigo ya zauna ya ce masa ya haƙuri?"

Ba kowa. Ɗansa ya bugo waya ya ce, Baba, wasa ne fa. Nas ta kawo wata madara a gwangwani. Likita ya ƙara ƙwaya. Ƙasa mai jirgi a ƙarƙashin ƙasa, an rasa mutum ɗaya da ya san abin da ake yi wa wanda aka yi wa rashi.

Ku da kuka san ni kun sani, shekara talatin ba a yi mutuwa a unguwarmu ba a aiko a kira ni ba. Ni ake zaunarwa kusa da mai rashi. Na san lokacin da ake barin mutum ya yi kuka, na san lokacin da ake tura masa kwano. Na ce wa Rabi ta tara mini mata, kwana uku za mu zauna.

Sani ya ji, ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa yana sosa ƙeya. "Inna, Allah ya ƙara girma, amma kada mutane su ji. Ƙwallo ce fa, kuma mutumin nan ba Musulmi ba ne."

Na ce, "Malam Sani, ka ji na ce za a yi Fatiha? Ba wanda zai ɗaga hannu. Zama za mu yi. Mai rai ake zaunawa domin sa, shi kuwa yana da rai, zuwa Asabar dai."

Ya ce to, ya tashi. Shi ya yi ta jigilar kuloli a tasinsa.

Rabi ta gaya wa tsohon cewa mutanenmu za su zo yi masa jaje. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce a kawo masa rigarsa mai kwala. Muka ture teburin falo, muka shimfiɗa darduma. Wadda ta fara zuwa Hajiya Memuna ce, 'yar Zangon Kumasi, mai shagon kayan miya, mace mai faɗin ƙirji da murya. Hausarsu ba ruwanta da mace ko namiji, tana shigowa ta ce mini, "Ei, Hajiya, kai ne ka zo daga Kano? Wane ne ya mutu?" Na ce ta zauna za ta ji. Ta zo da wake da shinkafa irin nasu da baƙin yaji. Bayanta Zainabu 'yar Maraɗi, mai aiki a ofishin jakadancinsu, ta zo da dambu. Sauran suka riƙa leƙowa tsakanin aiki da aiki, wasu da rigar asibiti a ƙarƙashin mayafi.

Na tsara abin yadda ake yi. Kowace ta shigo ta durƙusa ta ce, "Mista Andaru, ya haƙuri?" Rabi ta juya masa. Sannan ta zauna ta tambaya, "Jinya aka yi, ko farat ɗaya ne?" Ba a tambayar nan don ba a sani ba. Ana yi ne don mai rashi ya faɗa, ya sake faɗa, har labarin ya gaji a bakinsa.

Ya kuwa faɗa. Na farko ya ɗauki fiye da awa, Rabi tana juyawa har muryarta ta dushe. Ya ce wasu samari ne a bakin kogin garinsu suka fara abin, ba fili, ba riga. Garin na masu ƙera jiragen ruwa ne, duk Asabar in an tashi daga aiki maza su ɗunguma filin da baƙin mai a hannu. Kakansa ya je, ubansa ya je. Ranar da aka fara kai shi, uban ba shi da kuɗin mutum biyu, sai ya ɗaga shi sama ya tsallakar da shi ta kan ƙofar ƙarfe, mai gadi ya kau da kai, don haka ake yi wa kowane yaro. Ya ce sun ci kofuna har aka ware musu ɗaki, sun je ƙasashen Turai sun dawo ana rawa a titi. Da ya zo Amurka uwarsa takan yanko labarin wasa daga jarida ta aiko masa a wasiƙa, ya iso bayan mako biyu, ya yi murnar cin da an riga an manta.

"To me ya kama shi?" in ji Hajiya Memuna.

Ya ce girman kai. Masu kulob ɗin suka ga dole sai sun yi kafaɗa da attajiran Turai, suka yi ta sayen 'yan wasa masu tsada da abin da ba nasu ba. Wannan ya sayar wa wancan, kowane ya zo da kwat da alkawari. Ran nan masu karɓar haraji suka ƙwanƙwasa ƙofa. Aka rufe. 'Yan wasan da ake rera wa waƙa suka tattara takalmansu suka watse. Sauran kulob-kulob, waɗanda suka yi shekara ɗari suna shan kashi a hannunsu, suka zauna suka yanke cewa in za a sake farawa, sai dai daga can ƙasan ƙasa, tare da 'yan ƙauye.

Zainabu ta riƙe haɓa. "Wallai wannan ko gidan kawuna. Da ya rasu 'ya'yan suka sayi mota bakwai."

Ni kuwa na daina dariya a cikina. Malam ya yi dako a dalar gyaɗa yana saurayi. Na ga dalar nan da idona, na kuma ga ranar da filin ya zama wurin da yara ke buga tasu ƙwallon. Har ya rasu, in mun bi ta wurin sai ya juya fuska. Ban taɓa ce masa ya haƙuri ba, don ban san rashi ba ne.

Ranar farko ya faɗi labarin sau shida. Bai ci ba. Rana ta biyu labarin ya dawo minti goma, har ya yi dariya a wurin ƙofar ƙarfe. Na ce yauwa, na tura masa tuwo miyar kuka da na tuƙa da hannuna, da daddawar da ta gagari ma'aikatan Amurka. Ya duba, ya ce na gode, ya ture. Ni Dije, aka ture mini kwano. Mata suka sunkuyar da kai don kada in ga sun gani.

Rana ta uku Juma'a ce, gobe ɗan zai zo. Rabi ta shiga kicin ta tsaya tana share ido da bakin mayafi. Na bi ta na ce, "Akwai abin da ya rage. Duk mu baƙi ne, ba wanda ya san mamacin. Ba shi da wani ɗan garinsu a nan?"

Ta ce akwai guda ɗaya, a hawa na biyu, Mista Fatirik, amma kada ma in fara. Garinsu ɗaya, sai dai shi na ɗaya kulob ɗin ne, abokan gabarsu tun kakanni, gabar da ta haɗa har da coci. Shekara ashirin suna gini ɗaya, in sun haɗu a lif sai ɗayansu ya fita. Tun da abin ya faru kullum da hantsi sai ya buɗe taga ya saki kiɗa.

Na ce, "A makoki ba a zaɓen mai zuwa. Memuna, taso ki yi mini Turanci."

Muka sauka. Ya buɗe ƙofa, ɗan guntun tsoho mai jan hanci. Na ce a gaya masa an yi wa maƙwabcinsa rashi, matan Afirka sun zauna kwana uku, shi da ya san mamacin ido da ido bai hau matakala ba, ko a garinsu ba a koya wa yara kunya? Ban san yadda Memuna ta juya ba, amma ta daɗe tana yi, da hannu da ƙirji. Ya koma ciki ya sako kwat.

Ya shigo falon. Ya cire hula. Muka koya masa, ya ce "ya hakuri" kamar mai tari. Ya bi hotunan bango da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya nuna wani ya faɗi sunansa, ya ce wannan ya taɓa sa shi kuka yana ɗan shekara goma. Na ce a raina, ka ga mutumin kirki. Sai ya zauna, ya jawo kwanon tuwon da ke gaban Mista Andaru, ya ɗauki cokali, ya ce wani abu yana murmushi.

Rabi ta rufe baki. Na ce, "Me ya ce?"

"Wai shekara sittin yana jiran ya ci abincin makokin kulob ɗin nan. Wai a ƙaro miya."

Ban ga lokacin da Mista Andaru ya miƙe ba. Mutumin da sai an riƙe shi yake zuwa bayi, ya fizge kwanon har miya ta fantsama. Ya yi tsawa, Rabi tana juyawa da sauri: wai wa ya ce ya mutu? Bai mutu ba! Ba makoki ake yi a gidan nan ba! Fatirik ya ce ya mutu, an binne, wanda zai fito yanzu wani ne ya sa rigar mamaci. Andaru ya ce ƙarya ne, za su hauro daga ƙauyen su zo su tattake su kamar yadda suka saba, kuma yana nan zai gani da idonsa. Fatirik ya ce da wannan ƙafafun? Ko Kirsimeti ba za ka kai ba, ba ni kwanon kada a yi asara. Ya miƙo cokali.

Mista Andaru ya rungume kwanon a ƙirji ya fara ci. Yana ci yana zagi, yana nuna shi da cokali. Ya cinye malmala guda. Fatirik ya kai hannu wajen waken Memuna, Mista Andaru ya janye wannan ma. Yaji ya kama shi, hawaye na zuba, bai fasa ba. Zainabu ta ce a kawo ruwa, na ce kowa ya zauna inda yake.

Washegari ɗan ya iso da takardu a jaka. Ya tarar da ubansa da miyar kuka a mayafin ulu, yana cin dambu, suna musu da maƙwabci a kan wata ƙwallo da aka ce ta shiga raga kafin a haifi ɗan. Ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe. Ya ce a ƙara wata guda a gani. Ba a sake maganar gidan ajiye tsofaffi ba.

Matan Highbridge suna cewa wai ba makokina ne ya yi aiki ba, faɗa ne. Na ce to, wa ya sauka ya hauro da mai faɗan?

Bayan sallah, kafin in taho, na kalli wasan kulob ɗin guda tare da Mista Andaru, da sassafe, don rana tana riga zuwa ƙasarsu. Ya sa kwat da laƙataye a wuya. Filin wani ƙauye ne, ana hango tumaki a bayan raga, kuma da ƙyar suka tashi kunnen doki da wasu da aka ce mini masu gyaran famfo ne da direbobi. Fatirik ya hauro musamman don ya yi dariya, ya zo da burodi.

Na dawo gida kafin ruwan nan da ya ci New York. Mista Andaru ya ƙara shekara huɗu, ya cika a kan kujerarsa, a ɗakinsa, Rabi tana gefe. Fatirik ya riƙe akwatin gawarsa, ya bi shi bayan shekara guda. Hajiya Memuna ta koma Kumasi, ciwon suga ya ɗauke ta bara, Allah ya jiƙanta. Zainabu tana nan, an mayar da ita Yamai. Rabi da Sani suna nan a hawa na biyar. Ni ma ga ni. Shi kuwa mamacin da muka zauna wa kwana uku, Rabi ta ce yana nan yana buga ƙwallonsa duk mako, kuma har yau mutanen garin ba su gama musun ko shi ne ko ba shi ba ne.